Muhawara: jarumtar matuƙan jirgi mai saukar ungulu da ke kwaso sojoji daga bakin daga

Malam Lawali, Birni:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Duk sanda aka yi zancen jirgi mai saukar ungulu da ya dira tsakiyar wuta ya kwashe masu rauni, sai ka ji an ce "matuƙin nan ba ya tsoron mutuwa", shi ke nan an rufe magana. Ni a wurina yabon bai kai ba. Rashin tsoro kaɗai shi ke kashe mutum goma sha biyu a sauka ɗaya. Ku dubi yanayin aikin: jirgin yaƙi yana wucewa a guje, shi kuwa mai ɗaukar masu rauni dole ya rage gudu, ya sauka, ya tsaya cak na minti ɗaya ko biyu, a wurin da abokan gaba suka riga suka san nan zai sauka, tunda nan masu raunin suke kwance.

Tun ceton farko ma lissafi ne ya yi aiki. A watan Afrilu 1944, a Burma, Laftanar Carter Harman ya je da ƙaramin Sikorsky YR-4B don ɗauko matuƙin wani jirgi da ya faɗi da sojojin Ingila uku masu rauni. Jirginsa mutum ɗaya yake iya ɗauka a sawu. Ya fitar da biyu, injin ya ɗauki zafi, sai ya haƙura ya kwana, washegari ya koma ya ɗauko sauran biyun. Da ya matsa wa injin a ranar, da an samu mutum uku a daji maimakon biyu.

Ibro, Zango:
Wa alaikumus salam Baba Malam. Da girmanka, amma ban yarda gaba ɗaya ba. Manjo Charles Kelly fa? A Biyetnam, ranar 1 ga Yuli 1964, sojojin ƙasa da kansu suka ce masa ya bar wurin, wuta ta yi yawa. Ya ce ba zai tafi ba sai ya ɗauki masu rauninsu. Nan take harsashi ya same shi a zuciya. Ko Patrick Brady, ranar 6 ga Janairu 1968, cikin hazo, ya yi amfani da jirgi uku a yini guda saboda ana ta lalata masa su, ya kwashe mutum 51. Wane lissafi ne zai ce wa mutum ya shiga jirgi na uku bayan an ragargaza biyu? Wannan zuciya ce tsantsa.

Malam Lawali, Birni:
Zuciya ce, ɗana, ban musa ba. Amma Brady bai faɗa hazon da ka ba, dabara gare shi. Yakan karkata jirgin gefe, ya leƙa ta tagar gefe yana bin kan itatuwa da bakin hanya sannu a hankali, iskar farfela tana ɗan buɗe masa hazon. Hazon da ya hana wasu shiga shi ne kuma ya ɓoye shi daga masu harbi. Zuciya ta kai shi bakin wurin, gwaninta ta fito da shi da mutanen.

Mamman Sani Makaniki:
Bari in kawo maganar nan gida, don ƙasarmu Nijar tana da nata wahalar da dajin Biyetnam bai da ita. Abu biyu: zafi da ƙura.

Zafi tukuna. Farfela iska take turawa ƙasa, inji kuma iska yake shaƙa. In iska ta yi zafi sai ta yi sako-sako, farfela ba ta samun abin kamawa sosai, inji ma ƙarfinsa ya ragu. Damagaram tana wajen mita 460 sama da teku. A wannan tsayin, littattafan jirgi suna lissafi da zafin digiri 12. To a watan Afrilu ko Mayu da rana ana kai 42, bambanci digiri 30 ke nan, kuma kowane digiri yana ƙara wajen mita 36. Sai ka ga jirgin da ke zaune a filin jirgin Damagaram yana aiki tamkar yana kan dutse mai mita 1,500 da ɗoriya. Jirgi mai saukar ungulu samfurin Mi-17 a takarda yana tashi da nauyin kilo 13,000, yana ɗaukar gadon majinyaci 12. Wannan adadin na takarda ne. Da azahar a bazara, in wurin ƙunci ne da sai an tashi a tsaye, dole a rage ko mai ko mutane.

Nan ne jarumtar take yin ɗaci. Matuƙi ya sauka, an ce masa masu rauni shida ne, ya tarar da goma, ga waɗanda suka ɗauko su su ma suna son shiga. Shi ya san iyakar abin da injinsa zai ɗaga. In ya bari aka cika, zai ja sandar ɗagawa, jirgin ya tashi mita biyu ko uku, juyin farfela ya fara raguwa, sai ya dawo ƙasa da ƙarfi ko ya daki itacen da ke gabansa. Don haka sai ya dubi mutum yana jini ya ce a jira sawu na biyu. Ba kowa ke iya furta wannan ba.

Ibro, Zango:
Yaya Mamman Sani, ba wata dabarar tashi da nauyin da ya ɗan wuce?

Mamman Sani Makaniki:
Akwai, ƙanena, in fili ya ba da dama. Jirgi mai taya kamar Mi-17 yana iya gudu a ƙasa kaɗan kafin ya tashi. Da ya kai gudun kilomita 30 zuwa 45 a awa, farfela ta fita daga iskar da ta riga ta dagula ta shiga sabuwa, sai ɗagawa ta ƙaru ba tare da an ƙara wa inji wuta ba. Amma sai da fako mai tsawo, kuma a fuskanci iska. A jigawa taya nutsewa take.

Ƙura kuwa ita ce babbar mai kisa. Jirgi na zuwa mita ashirin ko ƙasa da haka, iskar farfela ta ɗebi rairayi ta yi sama da shi, ta dawo da shi ta cikin farfela. Cikin daƙiƙa biyu matuƙi ba ya ganin ƙasa, ba ya ganin sama. Jikinsa na gaya masa yana tsaye wuri ɗaya, alhali jirgin na zamewa gefe. Taya ɗaya ta taɓa ƙasa ta maƙale, jirgin ya kife ta kanta, farfela ta sari ƙasa. Maganinsa shi ne kada a tsaya a sama ana lilo. Ana zuwa ne da ɗan gudu, a bar ƙurar a baya, makanikin da ke bakin ƙofa yana faɗa ta na'urar kunne: ƙura ta kai wutsiya, ta kai ƙofa, ta kai kanku. Kafin ya faɗi na ƙarshen, ya kamata tayoyi sun taɓa ƙasa. In ba su taɓa ba, matuƙi ya daina duban waje, ya koma kan agogunansa, ya ja wuta ya tashi, ya sake zagayowa. Sake zagayowa ana harbinka yana bukatar zuciya fiye da dannawa a sauka ido rufe.

Kuma kada a raina ƙura a sama ma. A watan Afrilu 1980 Amurka ta aika jirage takwas samfurin RH-53D cikin hamadar Iran don ceto mutanenta da aka tsare a Tehran. Guguwar ƙura da lalacewar na'urori suka rage su har aka fasa aikin, wajen janyewa ɗaya ya daki jirgin dakon mai a ƙasa, mutum takwas suka mutu, ba a harbe su da harsashi ko ɗaya ba. Wanda ya san hazon hunturu da ke taso mana daga Bodele ta ƙasar Cadi, ranar da ba ka hango ƙarshen layinku, ya san abin da ake nufi.

Alhaji Mutari, Garin Malam:
Madalla da bayanin nan. Amma kun bar rabin aikin, wato na ƙasa. Matuƙi komai gwanintarsa, wurin da aka zaɓa masa zai sauka, kuma labarin da aka ba shi ta rediyo da shi zai yi aiki.

Kiran neman jirgi yana da tsari, layi tara ne a wurin sojojin da ke bin tsarin NATO. Biyar na farko su ke tayar da jirgi: ina ne wurin daidai, wace tasha za a kira ku a kai da wane suna, mutum nawa kuma wa ya fi gaggawa, wane kaya na musamman ake bukata, nawa ke kwance nawa ke iya tafiya. Sauran ana iya ba da su jirgi na hanya: akwai abokan gaba ko babu, da me za a nuna wurin, su wane ne masu raunin, da yanayin filin. Inda ake cutar matuƙa shi ne layi na shida, wato na ko akwai abokan gaba. Mutum abokinsa na mutuwa a hannunsa, sai ya ce wurin lafiya lau don kada jirgi ya ƙi zuwa. Ana fahimtar dalilinsa, amma ya hana matuƙin zaɓen ta inda zai shigo, ya hana a turo jirgin yaƙi ya rufa masa baya. A faɗi gaskiya: ana harbi daga gabas, daga kwarin can, da bindiga kaza. Matuƙan ceto da yawa za su zo duk da haka, sai dai su zo ta yamma, ƙasa-ƙasa.

Fili kuma: a nemi fako, a guji jigawa. Jirgi matsakaici yana son fili mai faɗin mita 50 ba komai a ciki, manya kamar Chinook mita 80. Farfelar Mi-17 kaɗai ta wuce mita 21 daga baki zuwa baki. Gangara kada ta wuce digiri 7 in da hali. Itace kuwa ana lissafinsa ɗaya bisa goma: gawo mai tsayin mita 15 a hanyar shigowa yana cin mita 150 na fili. A tsince leda, tabarma, bargo, hular da ba a ɗaure ba, duk abin da iska za ta ɗauka ta kai cikin inji. Mai nuna wa jirgi wuri ya ba iska baya, don jirgi iska yake fuskanta in zai sauka.

Sai hayaƙi. Ba ka cewa "zan jefa kore". Ka jefa, matuƙi ya faɗi launin da ya gani, kai ka tabbatar. A Biyetnam aka koyi wannan da jini, don abokan gaba na sauraren rediyo, su jefa irin launin su jawo jirgi cikin tarko.

Hajiya Rabi, Sabon Gari:
Sannunku da ƙoƙari. Alhaji, ka ba ni dama in ƙara ta ɓangaren jinya, don ana ɗora wa jirgi abin da ba nasa ba. Wani bincike da sojojin Amurka suka fitar a 2012 kan mamatansu 4,596 a Iraƙi da Afganistan ya nuna kashi 87 cikin 100 sun mutu kafin su isa asibiti. Wajen kashi 24 na waɗannan ana iya cetonsu, kuma tara cikin goma na waɗanda ake iya ceton zubar jini ne ya kashe su. Babbar jijiyar cinya in ta tsinke, mintoci kaɗan ne. Babu jirgin da zai iso cikin wannan lokacin. Laftanar Damien Boiteux, matuƙin jirgin Gazelle na Faransa, harsashi ya same shi a wannan jijiyar kusa da Konna a ƙasar Mali ranar 11 ga Janairu 2013, abokin tuƙinsa ya fitar da jirgin daga wurin, amma bai rayu ba.

Saboda haka wanda ke kusa shi ne likitan farko. Maɗaurin tsayar da jini a sa shi santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ko gwiwar hannu ba, a murɗa har jini ya tsaya, a rubuta lokacin a jiki. Zai yi ihu, kada a sassauta. Awa biyu ba ta cika yin illa ba. Maganin TXA yana taimakon daskarewar jini, amma cikin awa uku na farko, bayan nan ba a ba da shi. Kuma a lulluɓe shi. Mutane na mamakin wannan a ƙasa mai zafi irin tamu, amma wanda ya zubar da jini jikinsa sanyi yake yi, jinin mai sanyi kuma ba ya daskarewa, ga iskar ƙofar jirgi a buɗe.

A cikin jirgin, malamin jinya yana durƙushe a wuri matsatse, ƙara ta hana shi jin numfashi da abin sauraren ƙirji, girgiza ta hana shi samun jijiya cikin sauƙi, da dare kuma ba a kunna farar fitila. Da ido da tafin hannu yake aiki, yana duban ko ɓangare ɗaya na ƙirji ya daina ɗagawa. Mai rauni a ƙirji, iskar da ta taru a ciki tana kumbura in jirgi ya hau sama, sai ya roƙi matuƙi ya yi ƙasa, matuƙi kuma ya san ƙasa nan ne harsashi yake. Su biyun sai sun daidaita cikin daƙiƙoƙi.

Nana Habsu, Karkada:
Inna Hajiya, Allah ya saka. A sa Valérie André cikin lissafin nan. Likitar tiyata ce kuma matuƙiya, a yaƙin Indocin ta yi sawu 129 da ƙaramin Hiller, ta kwaso sojoji 165, masu raunin a ɗaure cikin gadaje a gefen jirgin ta waje. Ita ce mace ta farko da ta zama janar a Faransa, a 1976.

Ibro, Zango:
To ni abin da ke damuna ke nan. Tun ɗazu Amurka, Faransa, Ingila. Mu fa? Namu matuƙan suna tuƙa Mi-17 da Mi-35 da Gazelle a Tilaberi da yankin Tabkin Cadi, cikin ƙurar da Yaya Mamman Sani ya faɗa.

Alhaji Mutari, Garin Malam:
Gaskiyarka, Ibro, kuma aikinsu ya fi na waɗancan nauyi ta wata fuskar, saboda nisa. A 2009 ministan tsaron Amurka Robert Gates ya kafa doka cewa mai mummunan rauni a Afganistan ya isa wurin tiyata cikin minti 60 daga kira. Yi lissafin da Mi-17: minti 15 kafin ya tashi, minti 5 a ƙasa, saura 40, wato 20 zuwa 20 dawowa. A gudun kilomita 220 a awa, bai fi kilomita 70 da 'yan kai daga asibiti ba. Yanzu dubi taswira. Damagaram zuwa Difa ta sama kusan kilomita 400 ne, Yamai zuwa Damagaram ya haura 700. Jirgin yana shan wajen lita 800 a awa. Ma'ana matuƙinmu yana isa wurin ne da ido ɗaya a kan agogon mai, ba shi da damar zagaye sau uku yana jiran wuta ta lafa. Shi ya sa ajiye jirgi da mai da likitan tiyata kusa da bakin daga, kamar Difa da Agadas, ya fi ƙara gudun jirgi amfani.

Kwanton ɓaunan da aka yi wa sojoji a Tongo Tongo, yankin Tilaberi, ya nuna haka ranar 4 ga Oktoba 2017. Sojojinmu huɗu da na Amurka huɗu suka rasu. Jiragen yaƙin Mirage na Faransa suka fara isowa, suka riƙa wucewa ƙasa-ƙasa don tarwatsa maharan ba tare da sun saki bom ba, saboda ba a tantance wa ke ina ba. Jirage masu saukar ungulu sai daga baya suka kwashe mutane. Allah ya jiƙan namu da rahama.

Hajiya Rabi, Sabon Gari:
Amin ya Allah. Kuma a tuna, jan kuros ko jan wata a jikin jirgi, yarjejeniyar Janeba ta 1949 ta ba shi kariya, amma masu ɗauke da makamai a dajin nan ba su san da ita ba.

Mamman Sani Makaniki:
Ba su sani ba, Hajiya, kuma abin da suke harbi da shi ba ya jin dabarar na'ura. Tartsatsin wutar da jirgi ke watsawa yana ruɗar makami mai bin zafin inji ne kawai, irin SA-7. Ba ya hana harsashin babbar bindiga mai milimita 12.7 ko 14.5 da aka girke bayan mota, ba ya hana roka RPG-7. Roka ce ta kayar da jiragen Black Hawk biyu na Amurka a Mogadishu ranar 3 ga Oktoba 1993. A ranar ma wasu matuƙa biyu suka saukar da ƙaramin jirginsu cikin lungu kusa da wanda ya faɗi, ɗaya ya riƙe sanda da hannu ɗaya yana harbi da ɗayan, abokinsa ya fita ya jawo masu rauni biyu.

Kusa da mu kuma, ranar 14 ga Yuni 2019, wajen iyakar Mali da Nijar, aka harbo wata Gazelle ta Faransa mai mutum uku. Jirgin da ke kusa Tigre ne, kujera biyu gare shi, duka da mutane. Ya sauka, mutum ukun suka maƙale a jikinsa ta waje, wajen tayoyi da ɗan fiffiken da ake rataya makamai, ya tashi da su a haka ya fitar da su. To wata biyar bayan nan, ranar 25 ga Nuwamba, a yankin Menaka na Mali, wasu jiragen Faransa biyu, Tigre da Cougar, suka yi karo da juna cikin dare marar wata, sojoji 13 suka mutu. Binciken ya nuna ba wanda ya ga ɗan'uwansa, kuma bayanin matsayi da tsayi bai gudana yadda ya kamata ba a rediyo. Tabaran ganin dare digiri 40 kawai yake nuna maka, kamar mai leƙe ta cikin bututu, in ba wata ba taurari kuma hoton dusu-dusu ne. Irin mutanen ne, irin zuciyar ce, a watan Yuni da Nuwamba.

Ibro, Zango:
Na ji wannan. Amma Baba Malam, har yanzu ina nan kan bakana a abu ɗaya. A Ia Drang ta Biyetnam, 14 ga Nuwamba 1965, an rufe filin saukar saboda wuta, jiragen jinya suka daina shiga. Bruce Crandall da Ed Freeman, da jiragen Huey marasa makami, suka ci gaba, ɗaya sawu 22 ɗaya 14, suna kai harsashi da ruwa suna fitar da masu rauni. A lissafi, waɗanda suka daina su ne masu gaskiya. Da kowa ya bi lissafi, da bataliyar ta ƙare.

Malam Lawali, Birni:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, na karɓa. Sai dai ka lura, Crandall ya yi amfani da wani ɗan fili daban kusa da inda kwamandan yake, ya kuma canza jirgi da aka lalata nasa. Ya auna ya ga in bai kai harsashi ba mutum ɗaruruwa za su mutu, ya ɗora ran mutanen jirginsa a ɗaya gefen sikeli. Waɗanda suka tsaya su ma ba zan kira su matsorata ba, don jirgin da ya faɗi a tsakiyar ƙaramin fili ya toshe shi ga kowa. Shi ya sa magana ta ƙarshe kan sauka ko fasawa ake bar wa shugaban jirgin, ko da kwamandan ƙasa ya girme shi a muƙami.

Alhaji Mutari, Garin Malam:
Ƙarin abu ɗaya ga masu ɗauko gado. Ba a nufar jirgi sai ma'aikacinsa ya yi alama da hannu. A sunkuya, kada a ɗaga bindiga ko eriyar rediyo ko ledar ƙarin ruwa sama da kai. In a gangara ne, a zo ta ƙasan gangarar, don ta saman farfela tana kusa da kan mutum. Mi-17 ta baya ake loda gadaje, kusa da farfelar wutsiya wadda ba a ganinta in tana juyi, don haka a bi bayan ma'aikacin sawu da sawu. Wanda ya fi jin jiki shi ake sawa a ƙarshe, don ya zama na farkon fita.

Mamman Sani Makaniki:
In jirgin ya dawo kuma aiki bai ƙare ba. Makanikai za su bi shi da fitila taku-taku suna neman hudar harsashi, su bi kowace huda har inda harsashin ya tsaya, don ƙaramin rami a fata yana iya zama tsagewa a sandar da ke juya farfelar wutsiya ko bututun mai. A duba bakin farfela da rairayi ke ci, a share matatar ƙurar inji. Daben jirgin kuma a wanke shi tas, har a ɗaga faranti in ya kama, saboda jini yana cin alminiyon in ya kwanta a ƙarƙashi. Sannan a zuba mai, Hajiya da mutanenta su mayar da maɗaurai da ledojin ruwa da bargunan da aka yi amfani da su, a sa hannu a littafin jirgi kafin a ce ya shirya wa kira na gaba.